Kalmomin Gyara na Babana

Jiya na bi ta gaban mai faci a tashar Rano, warin sholisho ya doki hancina, sai na tsinci kaina a ƙofar gidanmu na Madachi ina ɗan aji shida. Ka yi haƙuri in na ja maganar, abin ya daɗe a raina.

Babana malamin Turanci ne a firamare. Da damina ƙaya kan fasa masa tayar keke a hanyar makaranta, sai ya zauna gindin darbejiya da kwanon ruwa yana neman inda tib ke fitar da iska, ni ina riƙe da famfo. A nan nake samun darasin da ba a yi a aji. Ya ce keke repair ake yi masa, riga in ta yage mend, kuskuren ɗalibi correct, doka kuwa amend. Kakata tana gefe tana ɓarar gyaɗa, takan ce, "Kai dai Malam ka cika wahalar da yaro. Duk ba gyara ba ne?" Ya yi dariya ya ce, "Gyara ne, Iya, amma kowanne da inda yake tsayawa."

Da kaka, ana tsakiyar yankan dawa, ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Muka kai shi asibiti ni da Innata da ƙanensa. Bayan kwanaki wani likita da ba ya jin Hausa sosai ya duba shi, ya juya ga nas ya ce da Turanci zai iya improve, amma ba zai recover ba. Na san bambancinsu, Baba ne ya koya mini: ɗaya sauƙi ne kawai, ɗaya komawa yadda kake. Na dubi Baba, na ga ya juyar da kai wajen bango. Shi ma ya ji.

Inna ta kama hannuna. "Me ya ce? Zai warke?"

Na ce, "Ya ce za a samu sauƙi, Inna."

Ta yi hamdala, har da murmushi.

Sauƙin ya zo kuwa, iyakarsa ke nan. Ya koma takawa da sanda, amma magana ba ta dawo daidai ba. Mutumin da ke tankaɗe kalmomi kamar gari, sai ya nemi ruwa bakinsa ya ce takalmi. In an kawo takalmin ya yi ta girgiza kai, hawaye na bin gemunsa. Ya yi shekaru a zaure a haka. Ɗalibai su wuce suna kwaɓa Turanci, ka ga hannunsa na hagu ya ɗaga kamar zai yi musu gyara, ya tsaya a sama, ya sauka. Inna ba ta daina sayen magunguna ba, daga na asibiti har na gargajiya na Fulanin Tarai, har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu 'ya'yana waya suke tambaya, ta jero musu kalmomi kafin su ƙifta ido, su ɗauki ta farko su wuce. Ba na ganin laifinsu. Kwanan baya autata ta ce in kwaikwaya mata yadda kakanta ke magana. Na nemi muryarsa ta lokacin lafiya na rasa. Wadda ta rage mini ita ce mai kiran takalmi.