Lamba Ɗaya da Lamba Goma a Allon Ubale

Ku matso ku gyara zama, na tsaye ya jawo benci. Yau labarin Ubale mai kaset zan ba ku, mutumin da a zamaninsa, daga Gumel har Maigatari, in ya ce waƙa ta yi daɗi to ta yi, in ya taɓe baki kuwa ta mutu ke nan.

A wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar aka haife shi. Goggonsa ce ta riƙe shi, kuma ita ta fara cewa Allah ya ba shi kunne, don yakan gane akuyar gidansu da kukanta ko tana tsakiyar garken unguwa. Noma bai karɓe shi ba. Ya taho Gumel ya zauna wurin wani mai gyaran rediyo har hannunsa ya faɗa. Shekarar da aka ba mu jiha ta same shi da rumfarsa ta kansa a bakin tasha: tebur ɗaya, rediyo biyu masu cin kaset, da wata lasifika da ya ɗaure wa baki da waya. Ran Alhamis sai ya ɗaure kayan a bayan babur ya nufi kasuwar Maigatari.

To, a lokacin akwai tsofaffin motocin Turai da ake saukewa daga jirgin ruwa a Kwatano, a biyo da su ta Nijar. Direbobin sukan tsinci kaset a aljihun gaban mota, wanda mai motar na can ya manta, su kawo wa Ubale. Yawanci na Faransanci ne. Amma akwai wasu na Sifaniyanci, masu wata ganga da ke dukan ƙirji, mawaƙin kuma yana zubo magana ba tsayawa kamar dillalin shanu ya ga baƙo. Ba wanda ke jin ko kalma ɗaya. Duk da haka samarin tasha da 'yan acaɓa suka haukace a kansu.

Nan Ubale ya samu sarautarsa. Ya shafe wani falanki da baƙin garin da ke cikin batir, ya sayi alli, ya jera kaset goma da suka fi, daga ɗaya zuwa goma. Da yake sunayen jikin kwalin sun fi ƙarfin bakinsa, shi ya raɗa musu nasa: Mai Tari, Jar Hula, 'Yan Biyu, Na Bayan Gari. Kowace Alhamis ana taruwa a ga wa ya hau, wa ya sauka. Musu yakan kai ga cire hula.

"Haba Ubale! Jar Hula a na shida?" in ji Chris, wani mutumin Filato mai sayar da kayan babur kusa da teburinsa.

"Numfashinsa gajere ne. Saurara, yana haki kafin ganga ta juyo."

A saurara, a ji hakin. Gaskiya mutumin yana da kunne, wannan ba za a ƙwace masa ba.

Wurare biyu ne ba sa motsi a allon. Na ɗaya shi ne Baban Murya. Wani direba Badamagare ne ya zo da shi a shekarar casa'in da huɗu, kaset tsirara ba kwali, ya ce ba na sayarwa ba ne, amma a kwafa kafin ya gama cin abinci. Ubale ya haɗa rediyonsa biyu da waya. Mai ɗauka tana kan batirin mota. Mai juya kaset ɗin direban kuwa batiran tocila ne a cikinta, tsofaffi, waɗanda ya shanya a rana tun safe don su farfaɗo, kamar yadda kowa ke yi. Ku riƙe batiran nan a ranku, za mu dawo kansu.

Abin da ya fito murya ce mai kauri, mai nauyi, tana tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya. Ubale ya ce bai taɓa jin namiji irin wannan ba. Kwafin da ya yi na kaset ɗin nan, Allah kaɗai ya san yawansa.

Na goma kuma ita ce Zabuwa. Bayan shekara guda ta zo, da kwalinta, da hoton wata mata mai gajeren gashi da manyan 'yan kunne. Ubale ya saurara kamar minti biyu ya kashe, ya ce wannan ba waƙa ba ce, kare ne ya shiga cikin zabi. Bai sa ta a allo don ta cancanta ba, sai don a samu abin dariya. In kasuwa ta yi sanyi sai wani ya ce, "Sa mana Zabuwa mu wartsake."

Yanzu sai matarsa, Asama'u. Mace ce mara yawan magana, amma a lugude ba ta da ta biyu a unguwarsu. In suka haɗu a turmi ita da maƙwabciyarta Sabuwa, takan cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu ta cafe, bugun bai kuskure ba. Ran Juma'a da safe Ubale yakan yi kwafi a zaure, sautin yana shiga tsakar gida, ita kuma tana bin sa da taɓarya.

Wata Juma'a ta kawo masa koko, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Baban Ummi, matar nan da mutumin nan naka, ai waƙa ɗaya suke yi."

"Wace mata?"

"Zabuwar taka. In na bi shi, bugu goma sha shida sai ya yi shiru, ganga ta amsa sau uku, ya dawo. A karo na huɗu ya yi wata 'yar dariya. Ita ma haka, har dariyar. Ita dai tana sauri ne, shi kuma kamar bai karya ba."

Ubale ya yi dariya har koko ya zube masa a riga. Ya ce duk gangarsu ɗaya ce mutanen nan, ta koma ga geronta.

Da a zaure maganar ta tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ran Alhamis ya kwashe ta ya kai kasuwa, har yana kwaikwayon muryarta. Aka yi ta sheƙa dariya. Chris ya ce, "Ashe a gidanka akwai Kunnen Turmi!" Sunan ya kama. 'Yan acaɓa suka kai shi gidajensu, matansu suka ɗauka. A wani bikin suna a Gagarawa, Asama'u na shiga wata ta ce, "A ba Kunnen Turmi wuri, ta gaya mana ko kukan jaririn nan da na tunkiya ɗaya ne." Ta zauna ta ci abin da aka ba ta, ta yi barka, ta dawo gida. Daga ranar ta daina lugude. Daka dai tana yi, tim, tim, kamar mai biyan tara, ba tafi ba cillawa.

Ubale ya lura? Ya lura mana. Ya ce za ta huce.

Aka ci kusan shekara a haka. Ran nan bayan azahar, a rumfarsa ta Gumel, sai ga wata ma'aikaciyar jinya, Sista Magdalena, 'yar Binuwai da aka turo aiki garin. Rediyonta ta tauna mata kaset ɗin waƙoƙin coci. Ubale ya yanke wurin da ya lalace, ya manne da jan farce, yana naɗewa da biro. Don ya burge ta sai ya sa Baban Murya.

Sista ta karkata kai. Can sai ta rufe baki da hannu.

"Malam Ubale, wannan bawan Allah yaushe ya haihu?"

"Kamar yaya, Sista?"

"Cewa yake ya kwana biyu yana naƙuda, uwar mijinsa ko sannu."

Ashe mahaifinta ya yi aikin gonar koko a wani tsibiri da mutanensu ke kira Panya, inda ake Sifaniyanci, can ta tashi har ta kai shekara goma sha uku. Ta ce harshen ya fara zame mata, kuma na kaset ɗin ya sha bamban da nasu, amma naƙuda dai ta san ta a kowane yare.

Ubale da kansa ya miƙa hannu ya ɗauko Zabuwa, ya sa ta a rediyo, ya danna. Sista ta saurara kaɗan.

"Ita ce. Kalma da kalma. Ga naƙudar, ga uwar mijin."

Ta ga yadda fuskarsa ta koma, ta karɓi kaset ɗinta ta ce, "Ni ban ji komai ba, Malam. Aikina allura." Ta tafi.

Ya jawo ƙyauren rumfa. Ya tono wasu matattun batira daga ƙasan tebur, ya zuba a rediyo, ya sa Zabuwa. Sai matar nan mai 'yan kunne ta buɗe baki da muryar Baban Murya, da kaurin, da nauyin, da 'yar dariyar a karo na huɗu. Babu wani Baban Murya a duniya. Batiran da ya shanya a rana ne suka haife shi.

Ina so in ce muku washegari ya fito ya faɗi gaskiya. Bai yi ba. Abin da ya yi, ya goge Zabuwa daga allo a ɓoye, ya cusa kaset ɗin ƙarƙashin katifa, ya ce wa masu tambaya ta tsinke. Alhamis uku yana haka. Yana shiga gida yana jin tim, tim, sai ya wuce ɗaki da sauri kamar wanda ake bi.

A cikin mako na huɗu Goggo ta zo daga ƙauye ganin Ummi. Kwana ɗaya ta yi ta tambayi Sabuwa me ya kashe turmin gidan nan, Sabuwa kuwa ta zazzage mata komai. Da Ubale ya zo gaishe ta, ya durƙusa, sai da ta gama ɓare gyaɗar hannunta sannan ta dube shi.

"Ubale, ni na ce kana da kunne. Ban ce kai kaɗai aka yi wa ba. Ko da ba daidai ta faɗa ba, matarka ce za ka kai kasuwa a yi ciniki?"

Kansa a ƙasa ya ce, "Goggo, daidai ta faɗa."

"To ni kake gaya wa? A gabana ka yi mata dariya?"

Alhamis ta zo. Ya bari sai da rana ta ɗaga, 'yan acaɓa suka cika gaban tebur. Ya ɗora Zabuwa, aka fara ihu, "Ta dawo! Ta dawo!" Ya cire wayar batirin mota, ya zuba matattun batiran a gaban kowa, ya sake dannawa.

Sai ga muryar Baban Murya ta fito. Wani ya leƙa bayan tebur ko akwai wata rediyon. Ubale ya buɗe, ya ciro kaset ɗin ya ɗaga sama, ga sunan Zabuwa da rubutun hannunsa.

Chris ne ya fara. Dariya ta kayar da shi daga kan benci. "Shekara biyu! Shekara biyu muna bin mace muna ce mata Baba!" Wani ya ce shi har ɗansa ya yi wa laƙabi da Baban Murya, yanzu ya zai yi? Kafin la'asar Ubale ya zama Malam Batir, sunan da ya bi shi har ya bar sana'ar. Yana tsaye gumi na bin wuyansa, ya bari suka gama. Sannan ya ɗauki alli ya rubuta a ƙasan allo da manyan baƙaƙe: MAMAN UMMI CE TA FARA JI.

"Duk wanda ya kai wancan sunan gidansa," in ji shi, "ya kai wannan ma."

Chris ya daina dariya. Ya sosa ƙeya ya ce a ba Madam haƙuri, bakinsa ne ba shi da birki.

Abin mamaki, ba wanda ya koma son ta gaskiyar. Baban Murya suka ci gaba da nema, suna cewa batir ya fi matar iya waƙa. Ubale yakan kwafa musu, amma ya goge lamba ɗaya ya bar gurbin fili. Na biyu zuwa na tara suna hawa suna sauka, saman allo ba kowa, har kaset ya fara ja da baya ya koma gyaran rediyo.

Labari ya riga shi isa gida. Ya sami Asama'u tana tankaɗe. Ya tsaya, ya rasa ta inda zai fara, ya ce, "Kin ji abin da ya faru?"

"Na ji." Ba ta ɗago ba. "An ce wata Sista ce ta gaya maka."

"Ita ce."

"Sai da aka zo daga Panya." Ta karkaɗe rariya. "Ni da nake nan tsakar gidanka, da taɓarya kawai na zo."

Ya juya ya shige ɗaki. Sun ci gaba da zamansu lafiya, sun aurar da Ummi, ba wanda ya ƙara ce mata Kunnen Turmi. Sabuwa ta ce lugude ya dawo gidan bayan 'yan watanni, da tafi da cillawa da komai. Sai dai ran Alhamis kawai ake yin sa, bayan ƙarar babur ɗin Ubale ta ɓace a hanyar Maigatari. Shi bai ƙara jin sa ba, kuma kunya ba ta bar shi ya roƙa ba.

To ku da kuka ji, abin da ya rubuta a allon nan ya isa a ce ya biya ta, ko kuwa da sauran abin da ya kamata ya faɗa a tsakar gida?