Ƙal-ƙal da Kwanon Auna Ƙura

Maƙwabciyata da muke kira Ƙal-ƙal mace ce da ko ƙuda ya sauka a tabarmarta sai ta wanke wurin. Da kamfanin fasa dutse ya kafa injinsa a bayan gidajenmu, mu mun haƙura da ƙura, ita kuwa tsumma bai ƙara barin hannunta ba.

Mijinta tela ne. Ƙurar ta shige masa ƙirji, har ta kai in ya taka keken ɗinki kaɗan sai ya kifa kai yana haki. Likita ya ce in ba a rage ta ba, da wuya ya ga baɗi. Muka yi ta kai kuka har ma'aikatan muhalli suka zo, suka kafa dogon ƙarfe a tsakar gidanta da kwano a samansa. Ashe ƙurar da ta taru a ciki za su auna, in ta yi yawa a tilasta wa kamfani ya riƙa yayyafa ruwa. Amma abin da babbansu ya faɗa kawai shi ne, "Mama, ki kular mana da shi, za mu dawo."

A ce wa Ƙal-ƙal ta kula da kwano! Kullum da safe sai ta taka turmi ta sauko da shi, ta cuɗe da sabulu, ta mayar.

Na ce, "Ke, ƙishin ruwa ya ce miki yana ji?"

Ta ce, "Yaya, baƙi su dawo su tarar da kayansu buɗu-buɗu a gidana? Su ce ni ƙazama ce?"

Suka dawo, suka tarar da kwano yana walƙiya, suka ce iskar unguwarmu lafiya lau. Sai a lokacin suka yi bayani. Ta bi motarsu ba ɗankwali tana rantsuwa ita ta wanke. Ta kankaro ƙurar taga ta kai musu ofis a leda, suka ce wadda aka kawo da hannu ba shaida ba ce, ta jira zagaye ya sake zuwa kanmu. Yaushe? Baɗi.

Jiya na shiga duba telan. Yana kwance, ƙirjinsa na ƙugi, ɗakin fari fat kamar an watsa toka. Na kai hannu zan ɗauki tsintsiya, Ƙal-ƙal ta damƙe ni.

"Kar ki taɓa, Yaya. Ko za su zo yau."