Shaidu Biyu na Telan Layinmu

Har yau ba a manta ranar da matar mai burodi ta wanke telanmu tas ba. Ta kai masa yadi ya ɗinka wa jaririyarta riga, bai gama ba sai da yarinya ta fara gudu. Aka zura riga, kai ya ƙi wucewa.

"Ɗinkina daidai yake," in ji shi. "'Yarki ce ta yi gaggawar girma."

"To ajiye wa jikata," ta ce, ta kifa masa rigar a ka kamar hula. Tun ranar ake kiransa Sai-Gobe.

Shekara talatin yana cikin shago guda mai faɗin tabarma biyu: keke, benci, da yadin mutane jibge har rufi. Matarsa, yara huɗu da surukarsa mai tari duk a bakin allurar nan suke ci.

Bana keken ya tsage. Mai gyara ya leƙa, ya ce wannan sai dai addu'a. Sati uku ba ɗinki, mutumin naka ya nufi ofishin masu ba da rance. Jami'in ya ce ya kawo mutum biyu da suka daɗe da saninsa, ban da dangi, da lambar wayarsu.

"Yallaɓai, kuna da hurumin tonon mutum haka?"

"Ba dole, Baba. In ba ka so, ga ƙofa."

Nan ya maƙale. Wanda bai san shi ba, ba a karɓa. Wanda ya san shi kuwa, ai ya san shi. Mai aski ya ce wayarsa ta faɗa ruwa, alhali tana ringi a aljihu. Mai shago ya tuna masa da wandonsa da har yau bai ɗinka ba. Ƙarshe ya durƙusa a ƙofata.

"Inna, ki rufa min asiri."

"Ɗan nan, mayafina yana hannunka tun ina da haƙora. Rubuta ni, amma ba zan yi ƙarya ina dab da kabari ba."

Ta biyu, don rashin mafita, matar mai burodi ce.

A gabansa aka kira mu, wayar a buɗe kan tebur. Tambaya ɗaya: yana cika alkawari? Na ce yana cikawa, in mutum na da tsawon rai. Ita kuwa dariya ta yi har da tari.

Jami'in ya rufe fayil. "Ka ji da kunnenka. Me zai hana ka gudu da kuɗinmu?"

Sai-Gobe ya daɗe yana murza tef ɗin awo da ke wuyansa. Amsar da ya bayar ce ta sa jami'in ya sake buɗe fayil, ya laluba biro.

"Sun ce ina makara, na yarda. Kira su kuma, ka tambaya ko akwai wadda ta taɓa zuwa zagina ba ta same ni a kan benci ba."