Firizar Yaya da Wutar Garinmu

Na daɗe ina riƙe da wutar lantarkin garinmu, alhali ina zaune a wani ɗan ɗaki a Panyu, kudu da Guangzhou. Idan na faɗa wa mutane haka sai su ɗauka zolaya nake, amma haka abin yake, kuma nisan nan shi ne ya sa aka ba ni aikin.

Wutar ta gari ce, ba ta gwamnati ba. Ƙungiyar ci gaban garinmu ce ta yi karo-karo aka kafa allunan sola a bayan makarantar firamare, aka gina ɗakin batura, aka ja waya unguwa-unguwa. Manajan farko malamin makaranta ne mai gaskiya, amma gidan farko da ya kamata ya yanke wa wuta na surukinsa ne. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da surukinsa ta yaya zai kafa tsani a ƙofar gidansa? Na biyun kuwa duk wanda ya zo ya durƙusa a zaurensa ya ce a yi masa haƙuri, sai ya haƙura. Mutanen garinmu ba ƙin biya suke yi ba, sun dai san ba a iya ce wa maƙwabci a'a ido da ido, sai kowa ya miƙe ƙafa.

Ni a lokacin sana'ata saro kayan lantarki ina tura wa 'yan kasuwar Kano. Kwamitin wuta suka ce in nemo musu mita mai kati. Na samo a wata masana'anta kusa da inda nake haya, matar da ke kula da ciniki ta sa mini manhajar mitocin a waya don in gwada. Ta nuna mini yadda ake sauya wa mita farashi da yadda ake kashe ta daga ko'ina a duniya. Da na kwatanta wa shugaban kwamiti, wani dattijo mai sayar da hatsi, sai ya ce, "To ai ka bar ta a wayarka. Wa zai biya kuɗin jirgi ya zo ya durƙusa maka?"

Aikin ba shi da wahala. Idan na idar da la'asar a nan, su hantsi ne a can, sai in buɗe waya in ga batura sun fara cika. Kowane gida layi ne a fuskar wayar, yana hawa yana sauka. Ba da niyya ba na san sirrin mutane: gidan da aka yi baƙi, gidan da aka sayi dutsen guga aka ɓoye, da na mai unguwa wanda fankarsa ba ta hutawa ko yana gona. Wanda katinsa ya ƙare wuta ta ɗauke da kanta. Ana zagina, na sani, amma zagin ba ya tsallako teku.

Matsala ta zo da bazara. Batura suka koma ƙarewa tun kafin a yi sallar isha'i, gari ya yi duhu, har ɗakin shan magani. Da na duba sai na ga gidaje kaɗan ne ke shanye rabin wutar, kuma duk masu firiza ne. Na kawo shawarar a raba farashi biyu: na gida mai sauƙi, don fitila da fanka da cajin waya, da na sana'a mai tsada, wanda rararsa za a tara a ƙaro batura. Ba ni na ƙirƙiro ba. A nan ma idan ka cika shan wuta farashinta hawa yake, matar da nake haya a gidanta ba ta gajiya da nuna mini mita duk lokacin zafi.

Abin da ban lissafa ba shi ne a garinmu babu gidan da ba shago ba ne. Wannan tana ƙuli-ƙuli, waccan ɗinki, wata markaɗe, duk daga tsakar gida. Kwamiti suka yi ta ja-in-ja a kan ina gida ya ƙare, ina kasuwa ta fara. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa duk gidan da ake sayar da abin da ya fito daga firiza, gidan sana'a ne. Suka turo mini lambobin mitocin da zan sauya. Ta Yaya tana ciki.

Yaya ita ce babbarmu. Ita ta goye ni, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau Auta take ce mini ko da furfura a gemuna. Da mijinta ya rasu na ce zan riƙa aika mata abin cefane, ta ce ita ba gurguwa ba ce, in dai ina son taimakonta in nema mata sana'a. Ni na sayi firizar nan, na sa ta a kwantena tare da kayan mutane. Da ita take ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da ita ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Na san ribar ƙanƙara, na kuma san sabon farashi. Idan aka haɗa su, wahalar kawai za ta rage mata.

Akwai wani abokina mutumin Maraɗi da muke cin abinci tare a unguwar Xiaobei. Na ba shi labari muna jiran a kawo shinkafa.

"Wa ke ganin wayar nan in ba kai ba?" ya ce.

"Babu."

"To ka ƙyale tata mana. Kai ne lawban, in sun tambaya ka ce musu meyo, na'ura ta ƙi."

Lawban shi ne maigida a bakin mutanen nan, meyo kuma babu. Na ce masa matan garinmu ba sa bukatar waya kafin su gane. Idan kowa ta ƙara kuɗin ƙanƙara ban da Yaya, kafin azahar an san dalili, kuma daga ranar na zama manaja na uku da aka yi waje da shi.

"To aƙalla ka kira ta tukuna," ya ce.

Ban kira ba. Na san kaina: da na ji muryarta ta ce Auta, da ban taɓa mitar ba. Na sauya ta tare da sauran a cikin jirgin ƙasa, a tsaye, ina riƙe da ƙarfe da hannu ɗaya.

Kwanaki kaɗan layin gidanta ya ci gaba yadda yake, sannan wata safiya ya faɗo ƙasa ya kwanta. Fitila da fanka kawai suka rage. Wasu matan sun ƙara kuɗin kayansu sun ci gaba, wasu sun haɗa firiza ɗaya su uku. Batura suka koma kaiwa asuba. Shugaban kwamiti ya kira ni yana ta sa albarka, ya ce duk wanda ya zo da ƙorafi ce masa suke, ai ko yayarsa bai ƙyale ba, sai mutum ya juya ya tafi. Ban ji daɗin yabon nan ba ko kaɗan.

Na zuba mata kati mai yawa daga nan ban gaya mata ba. Katin ya zauna a mitar, layin bai motsa ba.

Bayan ƙaramar sallar shekarar, wani ɗan garinmu ya zo sarin takalma. Muka haɗu a masallacin Huaisheng ranar Juma'a, bayan an sallame ya miƙo mini leda, ya ce saƙon Yaya ne. Yaji ne da kuka da daddawa, kamar yadda ta saba ba duk wanda zai zo. A ƙasan ledar akwai ɗan ƙulli a tsumman atamfa. Na kwance a bakin titi, sai ga makullin firiza.

Da na koma ɗaki na kira ta. Muka gaisa, ta tambayi aiki da sanyin ƙasar, na tambayi yara. Sannan na ce, "Yaya, na ga saƙo."

"Yajin ya yi? Na rage barkono saboda cikinka."

"Makullin nake nufi."

"Kayanka ne ai. Na wanke ta na rufe da zane."

Na ce ta kunna, ni zan riƙa biyan bambancin duk wata, ba wanda zai sani. Ta ce in ta yarda da haka, sana'ar ta zama sadaka ke nan da aka lulluɓe, gara in ba ta a hannu kowa ya gani. Na fara yi mata bayanin batura da ɗakin shan magani, ta katse ni.

"Ni ban ce dokarku ba ta da kyau ba, Auta. Jikata ma a hasken nan aka haife ta. Da ka kira ni ka ce Yaya ga abin da ake ciki, wallahi ni zan ce ka fara da ni."

Ban san ko haka ne ba, kuma babu sauran hanyar sani.

"Amma a bakin matar mai unguwa na ji," ta ce. "Ta shigo sayen ƙanƙara tana yi mini jaje, ni kuma ina ce mata ƙarya ne, ƙanina ba zai yi bai gaya mini ba."