Yadda Hutun Juma'a Ya Ceci Idon Mahaifiyata

Shekarun baya, ina zaune a unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira, na shiga adashi da abokan aiki, wanda Misirawa ke kira jam'iyya. Niyyata ɗaya ce: in kwasata ta zo, in kawo mahaifiyata Alƙahira a cire mata yanar ido, don ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana.

Lokacin ne wani abokina ya koya mini wata sana'a a kasuwar hannun jarin Amurka. Masu fargabar farashi zai yi tsalle ko ya faɗi sukan sayi wata yarjejeniya mai kama da inshora. Sai ka duba girgizar da kasuwa ke tsammani, ka gwada da wadda ta auku da gaske a baya. In tsoro ya fi gaskiya yawa, ka sayar musu da inshorar, ka ci kuɗin tsoronsu.

Ya nuna mini wani kamfani a waya. Farashinsa kwance kamar ruwan randa, amma inshorarsa ta yi tsada.

"Yalla, ya akhi, banza ce ta faɗi," in ji shi. "Ka juya kuɗin Hajiya sau ɗaya, khalas, har kuɗin jirgi ya fito."

Ni kuwa, malamin mako guda, na gyaɗa kai kamar a kasuwar aka yanke mini cibiya. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa mutane ke tsoro.

Ranar Alhamis da la'asar aka danƙa mini kwasata, banki ya riga ya rufe. Juma'a da Asabar hutu ne a Masar. Lahadi na tura, su kuma Amurkawa suna nasu hutun. Na yi ta masifa, har na ce ƙasar nan ba ta son ci gaba.

Ran Litinin, kuɗin na hanya, kamfanin ya fitar da rahoton ribarsa, farashi ya rikito, biya ya hau kan waɗanda suka sayar da inshorar. Ashe rahoton ake tsoro. Abokina da ya riga ni shiga ya kira, murya a dushe: "Ma'alish, ba komai, kai Allah ya so ka." Na zauna a bakin titi ina ta hamdala.

Har yau ina duba lissafin nan, kuma yana da amfani, amma sai na fara tambayar dalilin tsoron. Kuɗin da ke da aiki kuwa ba na kai shi can.

Ranar da likita ya cire wa mahaifiyata bandeji, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai, yaushe ka yi furfura?"

Ban gaya mata ranar ba.