Malam Haladu da Fatun Biri Uku

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Haladu, abokin aikina a wata masana'antar jima da ke Challawa. Shi ne mai tantance fata. Da ya shafa da tafin hannu zai gaya maka ko akuyar Sakkwato ce ko ta Damagaram.

Da ƙuruciyarsa ya yi aikin gonar koko a Bioko, wani tsibiri can cikin teku gaba da Kalaba. A can ya san wani irin biri mai baƙar fuska da guntun wutsiya, wanda ya ce jinsin na tsibirin daban yake da na ko'ina. Yakan ce da ya isa, garke-garke suke ƙetare hanya. Kafin ya baro, sai a kasuwar nama yake ganinsu, an babbake.

Wata Talata wani babban dila ya kawo kaya, a ciki har da fatun biri uku da yake so a jeme masa don ado. Malam Haladu ya ɗaga ɗaya, ya daɗe yana kallo, ya gane irin birin tsibirin nan ne, ya ajiye.

"Ranka ya daɗe, wannan kam ba da hannuna ba," ya ce wa manaja. "In muka jeme uku yau, gobe talatin za a kashe."

Manaja ya ce biri ne fa, ba mutum ba. Aka mayar da Malam Haladu filin zuba wa fata gishiri, wurin da hannu ke tsagewa, yana da shekara sittin. Mu kuwa ba wanda ya tsaya masa, har da ni, don muna tsoron aikinmu. Wata huɗu ya yi a can bai kai ƙara ba, sai da aka ga fata na lalacewa aka dawo da shi. Fatun birin kuwa ba wanda ya yarda ya taɓa, dila ya kwashe abinsa.

Kwanan baya 'yata ta nuna min birin a waya, ana cewa saura kaɗan ya ƙare. Da Malam na nan, na san ba zai yi mamaki ba. Tambaya zai yi wa ke saye.

Da ya rasu bai bar gida ba, bai bar mota ba. Amma har yau in baƙuwar fata ta shigo, ma'aikatan da ba su taɓa ganinsa ba sukan ture ta gefe su ce a kira manaja. Allah Ya jiƙansa.