Ashe Amurka Ma Ta Yi Mulkin Mallaka

A gidanmu da ke unguwar Mansur a Makka duniya kashi biyu ce: waɗanda Ingila ta mulka da waɗanda Faransa ta mulka. Abba Bakano ne, Umma 'yar Damagaram, kuma da wuya a sha shayi ba su yi gardamar Turawan wa suka fi mugunta ba. Ni a Makka aka haife ni, ko Kano ban taɓa gani ba, amma na haddace dokar. In ka ji mutum yana Turanci, Ingila ce ta danne kakansa. In Faransanci yake yi, Faransa ce. Shi ke nan, tarihi ya ƙare.

Ina shekara goma sha huɗu malamar tarihi, wadda muke kira Abla, ta kama ni ina kwaikwayon tafiyar shugabar makaranta. Ta rubuta takardar kiran Umma, ta nuna mini, ta sa a jakarta. Ta ce ranar Lahadi in yi jawabi kan mulkin mallaka a layin safe, gaban duk 'yan makaranta. In na yi shirme, takarda ta tafi gida. Umma kuwa in aka kira ta makaranta, faɗan da za ta yi mini sai an ji shi a Mina.

Na rubuta jawabin cikin minti goma, ina jin kaina farfesa.

Ranar Alhamis da la'asar Umma ta tura ni shagon ɗinkin mata da ke ƙasan benenmu, don ƙofar tasi ta yage mini gefen rigar makaranta. Mai ɗinkin dattijuwa ce Musulma 'yar Filifin, muna kiran ta Hala, wato gwaggo. Tana aiki, ni kuma ina bitar jawabina da ƙarfi da Larabci, har da ɗaga hannu.

"Filifin Ingila ce ta mulke ta, shaida kuwa ga Turancinsu nan. Amurka kam ba ta taɓa mallakar ƙasar kowa ba."

Keken ɗinki ya tsaya.

"Ya binti, 'yata, wa ya gaya miki haka?"

"Ni na gano, Hala."

"Mashallah. Ke kika gano. Matso nan, shehiya."

Ta shimfiɗa baƙin yadi a kan tebur, ta ɗauki allin da take zana ɗinki da shi. Ta ja dogon layi a dama ta ce Amurka ke nan, wani a hagu ta ce Sin. Tsakaninsu duk teku. Sai ta riƙa ɗiga ɗigo.

"Wannan Hawai ce. Sarauniya gare su, aka sauke ta, Amurka ta haɗiye tsibiran. Wannan Guwam. Wannan mu ne. Jiragen ruwansu na son wurin shan gawayi a hanyar kasuwannin Sin, sai suka bi mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taka duwatsu zai ƙetare rafi."

Ta ce Sifaniya ce ta fara riƙe su ɗaruruwan shekaru. Da Amurka ta ci Sifaniya da yaƙi mutane suka yi murna, suna zaton 'yanci ya zo. Ashe mai gida kawai aka canza. Aka sake sabon yaƙi, mutanenta Musulmin kudu kuma suka daɗe suna fafatawa. Kakarta ta ba ta labarin yadda suka gudu kan dutse tana goye a bayan uwarta, suka bar shinkafa ta nuna a gona ba mai girbi.

"To Turancin fa, Hala?"

"Malamai suka turo bayan sojoji. Ke da kika iya Larabci, Balarabiya ce ta haife ki?"

Na ga idonta ya kawo ruwa kaɗan, amma sai ta yi tsaki ta ce allin ne ya shiga. Ta sa na maimaita sunayen tsibiran har sau biyar, duk wanda na ɓata ta ɗan buge mini hannu da tef ɗin awo.

Ranar Lahadi na tsaya gaban 'yan mata kamar miliyan. Na faɗi komai, har shinkafar da aka bari a gona. Da na gama Abla ta karɓi makirfon.

"Ina Guwam take?"

Na zana a iska: Amurka nan, Sin nan, ga ɗigon kusa da Filifin.

Sannan ta buɗe jaka, ta fito da takardar, ta yaga ta biyu ta miƙo mini.

Umma ba ta san an taɓa rubuta wannan takarda ba. Abin da ya dame ta kawai shi ne yadda ni, da ko kofi ba na ɗagawa sai an yi mini magana sau uku, na koma duk Juma'a ina tsaye a kanta in ta yi waina, ina cewa a zuba wa Hala tata tun da zafi, ni zan kai.